Kile ɗin bai lalace ba, kada ku yi masa formate

Duk mai zama a sibar kafe a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan rigima. Ɗan'uwa ya aiko da kile daga Faransa ko Amurka, cike da hotunan suna da bidiyon biki. An soka shi a kwamfuta, ko dai ya ƙi bayyana, ko Windows ta ce sai an yi masa formate kafin a yi aiki da shi. Mai shago ya danna “Formater”, shi ke nan, abin da aka jima ana jira ya tafi. Sai a ce kile ɗin jabu ne.

Sau da yawa lafiyarsa lau. Kowane tsarin kwamfuta da yadda yake jera fayiloli. Mac na amfani da APFS, wanda Windows ba ta karantawa. Windows na amfani da NTFS. Mac na iya buɗe shi, amma ba ta iya rubuta kome a ciki. Tsohon FAT32 kowa na jin yarensa, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, kuma bidiyon biki na awa biyu kan haura hakan.

Maganin ya daɗe da samuwa. Microsoft ta fito da exFAT tun 2006, Mac ta karɓe shi a 2010, Linux ta shigar da shi cikin ginshiƙinta a 2019. Kile da aka tsara da exFAT yana buɗuwa a dukansu, kuma ba ruwansa da iyakar giga 4. Aikin minti ɗaya ne, amma sai an yi shi kafin a zuba kaya, domin formate na share duk abin da ke ciki.

A ganina, kaso mafi girma na laifin yana wuyan mai aikowa. Wanda ya iya sayen MacBook ya iya buɗe Utilitaire de disque ya zaɓi exFAT. Bai dace ya bar wa tsohuwarsa wannan ciwon kai ba, ita da ta biya kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa don ta ga fuskar jikanta.

Masu sibar su ma ba su kuɓuta ba. Wanda ke karɓar kuɗin mutane ya kamata ya san cewa saƙon formate ba umarni ba ne. A cire kile, a nemi mai Mac ya kwafe kayan. Idan kuma an riga an danna, kada a ƙara zuba kome a kai: manhaja irin PhotoRec kan ceto hotuna muddin ba a rubuta wasu a kansu ba.

In na'urorin biyu suna ɗaki ɗaya ma, ba a bukatar kile. LocalSend kyauta ce, tana tura fayil tsakanin Windows, Mac, Linux, Android da iPhone ta wifi ɗaya, ba tare da ta ci ko mega ɗaya na intanet ba.