Ƙuri'a Rance Ce, Ba Kyauta Ba

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, jam'iyya mai mulki takan roƙi a bar ta ta ƙarasa aiki, 'yan adawa kuwa su ce su ne gatan talaka. A nawa ganin, bai kamata mu matasan cikin Birni mu ruɗu da zaƙin bakin kowannensu ba, domin sau da yawa adawa riga ce da akan tuɓe ranar rantsuwa.

A 1979 NPN ta kama gwamnatin tarayya, amma PRP ta Malam Aminu Kano ita ta ci Jihar Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka numfasa. Wannan aiki ne wanda ido ya gani. To, amma kafin 1983 jam'iyyar ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, 'yan gida ɗaya suka koma jifan juna.

Bayan dawowar mulkin farar hula, Kanawa sun kayar da PDP a 2003, da ANPP a 2011, da APC a 2023. ANPP ɗin nan da adawa ta hau, adawa kuma ta sauke ta.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, mu auna ɗan takara da ruwan famfo a Jakara da cunkoson yara a makarantun Gwale, ba da tutarsa ba. Ƙuri'a rance ce ta shekara 4. Wanda bai biya ba, kada a ƙara masa.