FILIN SANA'A: Da koyo akan iya

Manoma da makiyaya, ga sana'ar wannan wata.

Duk wanda ya shigo Zango ran Alhamis, ya nufi kasuwar Dole, yakan ga zane a jikin motoci da ƙofar masu aski. Aikin samari ne. Sun iya zana zaki da dabino. Amma in an ce su zana fuskar mutum har a gane shi, sai hannu ya tsaya. Basira suna da ita, hanya ce ba su samu ba.

Hanyar ita ce kwaikwayo. Almajiri yakan bi rubutun malaminsa. Ɗan yaƙi da jahilci yakan juyi baƙi daga babban allo. Haka mai zane yake koyo daga aikin gwanayen da.

Ga misali daga Najeriya. An haifi Aina Onabolu a garin Ijebu-Ode a 1882. Bai samu malamin zane ba. Sai ya riƙa kwaikwayon hotunan da ke cikin littattafai da jaridun Turawa. A 1906 ya zana fuskar wata mata ta birnin Ikko, aikin ya yi suna. A 1920 ya tafi Landan, ya wuce Paris, ya ƙaro sani. Ya komo a 1922, ya shiga koya wa yara zane a makarantu.

A can Paris akwai babban gidan ajiyar zane mai suna Luvur. An buɗe shi a 1793. Masu koyo sukan zauna gaban tsohon zane su kwaikwaye shi. Akwai wata doka: kar girman nasu ya zo daidai da na asali, don kar a cuci mai saye.

To, yaya ake yi?

Da farko a samu hoton zanen wani gwani, wanda fuska ta fito sarai. A ɗaure ƙyalle mai kauri bisa katako, a shafe shi da farin fenti, a bari ya bushe. A ja layuka a tsaye da a kwance bisa hoton, kamar fangalin lambu. A ja irinsu bisa ƙyallen. Sai a bi gida-gida da gawayi, har ido da hanci da baki su zauna wurinsu.

Sannan a ɗauko fentin mai. A fara da wuraren inuwa, a ƙare da wuraren haske. Shafin farko ya zama marar kauri, na bisa ya fi shi mai. In an juya, fenti zai tsage. Kowane shafi yana son kwanaki kafin ya bushe. A yi hattara: man gyaɗa ba ya bushewa. Man da ake so na wani tsiro ne da ake kira lin. In an gama a wanke burushi da kananzir.

Amma Onabolu bai tsaya ga kwaikwayo ba, mutanen ƙasarsa ya zana. A ƙauyukan Damagaram tsofaffi suna tafiya, hotonsu na kati yana koɗewa, jikoki ba su san kamanninsu ba. Saurayin da hannunsa ya faɗa, ya shimfiɗa wa kakansa tabarma, ya zana shi tun yana da rai.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.