Shekarar sanin makamar aiki ba maimaita aji ba ce



Ranar da na gaya wa Umma digirina zai ɗauki shekara huɗu maimakon uku, sai da ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni. "Faɗuwa kika yi?" Na ce a'a, Umma, aiki zan je yi na shekara ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, sannan in dawo in ƙarasa. Ta ce, "Wane irin aiki ne ake yi ba a gama makaranta ba? Ki dai gaya min gaskiya."

Ban ga laifinta ba. Dama tun farko karatun nawa bai gama kwanta mata ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa a Ingila ya san karatu iri uku ne iyayenmu suka sani: likita, lauya, injiniya. Ni kuwa baiyoloji nake karantawa. In muka je suna ko biki, gwaggonni su tambaye ni, in faɗa musu, sai ka ji an ce "Allah sarki, Allah ya sa hakan ne mafi alheri," kamar ana yi min ta'aziyya. To ga shi kuma na zo da zancen ƙarin shekara.

Na yi shekarar, na dawo, yanzu ina ajin ƙarshe. Ra'ayina shi ne duk ɗanmu da ke karatun ilmin halittu a ƙasar nan, in har ya samu hali, ya yi wannan shekara. Kuma yawancin abin da ke hana mu bai shafi ƙwaƙwalwa ba. Rashin labari ne, da kuɗi, da tsoron iyaye.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. A Ingila digiri na farko shekara uku ne. Jami'o'i da yawa suna barin ɗalibi ya fita bayan shekara ta biyu ya yi aiki kamar na wata 9 zuwa 12 a kamfani ko asibiti ko cibiyar bincike, sannan ya dawo shekarar ƙarshe. Turawa na ce mata shekarar sanwic, don an cusa ta ne a tsakiya kamar nama cikin burodi. Kana nan a matsayin ɗalibi, sunanka na cikin rajista, akwai malamin da ke bibiyarka, kuma za ka rubuta rahoto in ka gama. Kamfanonin magani irin su GSK da AstraZeneca suna ɗaukar ɗalibai. Haka cibiyar bincike ta Francis Crick da aka buɗe a Landan a 2016, da lambun binciken tsirrai na Kew, da ɗakunan gwaji na asibitocin NHS.

Me na koya da ban koya a aji ba? A jami'a darasin gwaji awa uku ne, mu huɗu a tebur ɗaya, kuma malamin ya riga ya san amsar da za ta fito. In ta ƙi fitowa sai a ba ku sakamakon wata ƙungiya ku rubuta rahoto da shi. A wurin aiki babu wannan. A watana na farko aka damƙa min ƙwayoyin halitta da ake raino a kwalba, ana canza musu ruwan abinci duk bayan kwana biyu ko uku. Wata Litinin na shigo na tarar ruwan ya yi dindim, ƙwayoyin cuta sun shiga sun cinye komai. Ni ce na yi sakaci, na taɓa bakin kwalbar da safar hannun da ban feshe ba. Aikin mako uku ya tafi. Wallahi a banɗaki na yi kukana. Matar da ke kula da ni ba ta yi faɗa ba, ta ce in rubuta abin da ya faru a littafin aiki, da kwanan wata, mu sake daga farko. Tun daga ranar hannuna ya nutsu. Na karanta batun tsabtar gwaji a littafi, na ci jarrabawa a kai, amma sai da na kashe ƙwayoyin nan na san shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Shekarar ce take nuna maka ko aikin nan naka ne. Akwai ɗan ajinmu da ya dawo ya ce shi da ɗakin gwaji har abada, koyarwa zai yi. Ai gara ya gane haka yana da shekara 21 da ya gane bayan ya ci bashin digiri na biyu.

Masu karatun kimiyyar gwajin asibiti kuwa, su abin ya wuce ra'ayi. Ba ka aiki da sunan masanin gwajin asibiti a ƙasar nan sai hukumar HCPC ta yi maka rajista, kuma hanyar da aka saba bi ita ce digirin da ƙungiyar IBMS ta amince da shi, haɗe da kundin horo da ake cikawa a ɗakin gwajin da aka yarda da shi. Wanda ya cika kundin a shekarar aikinsa yana gamawa zai nemi rajista. Wanda bai yi ba sai ya fito da digiri a hannu ya shiga neman inda za a ba shi horon. Na san 'yar gidanmu da ta gama ba ta san da wannan ba, har yau tana kanti tana jiran gurbi. Ba wanda ya gaya mata, ita ma ba ta san akwai abin tambaya ba.

Nan ne inda abin ke min ciwo. Ni kaina a bakin wata Baturiya 'yar ajinmu na ji, wadda babanta ke aiki a kamfanin magani. Ita tun hutun bazara ta gyara takardar CV ɗinta, don manyan kamfanoni kan fara tallar gurabe tun wajen Satumba da Oktoba, da shigarka shekara ta biyu, kusan shekara guda kafin fara aikin. Lokacin da na farga wasu sun rufe. Wuri tara na nema, bakwai suka ƙi ni, ɗaya ko amsa bai ba ni ba. Mu fa muna da zumunci. In an yi haihuwa a Manchesta, kafin la'asar an ji a Landan. Amma labarin da zai canza wa yaro rayuwa ba ya yawo a cikinmu, don iyayenmu ba a nan suka yi digirin farko ba, yayyenmu da suka yi kuma sun yi shiru.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ba zan yabi tsarin ba. Kuɗin makaranta a shekarar aiki ba ya wuce kashi 20 cikin 100 na cikakken kuɗin, wanda ya kai fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025/26. Wannan da sauƙi. Matsalar ita ce dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafi ɗalibin da ke aikin da bai wuce shekara ba a matsayin wani ɓangare na karatunsa. Manyan kamfanoni suna biya, amma gurabe da yawa a asibitoci da ƙungiyoyin kare namun daji ba ko kwabo. Wa zai iya aikin shekara kyauta, ga haya ga kuɗin jirgin ƙasa? Sai wanda gidansu ke da hali. Ɗan direban tasi da ke aika wa kakarsa kuɗi Zinder ko Kumasi duk wata ba zai iya ba. Ni a ganina duk wanda ya sa ɗalibi aiki daga safe zuwa yamma har wata goma sha biyu ya biya shi, ko da me doka ta ce. Kafin a gyara, ku tambayi batun albashi tun kafin ku sa hannu, ba rashin kunya ba ne. Ku je ofishin ba da shawara kan aiki na jami'arku ku tambayi tallafin da ake da shi, ku kuma bincika yadda shekarar za ta shafi bashin ɗawainiyarku.

Tsoron iyaye ma ba na raina shi. 'Ya mace, ba aure, a garin da ba kowa, a ɗaki ita kaɗai. Umma ta ce me za ta gaya wa mutane? Abin da ya warware maganar ya ba ni dariya. Ɗan ƙanin Abba ya kira daga Kano, na yi masa ƙorafi, ya ce, "Yaya, ai IT ce kike nufi." Abba na jin haka ya gyara zama. Ashe shi ma ya yi, a wata masaƙa a Kaduna, lokacin yana ɗalibi. Shirin SIWES ke nan, wanda hukumar ITF ta kafa a Najeriya tun 1973. Mako biyu ina bayani da turancin jami'a ba a gane ba, harafi biyu suka gama magana. Shi da kansa ya kai ni a mota, ya nemo masallacin garin, ya haɗa ni da iyalin wani abokin abokinsa da nake zuwa cin tuwo ran Lahadi. Maganar sallah kuwa, a makon farko na gaya wa shugabata ina bukatar 'yan mintoci da rana, ta nuna min ɗakin da babu kowa. Na kwana uku ina fargabar tambayar da ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

Umma kuwa ta wata hanya ta sauko. A danginmu akwai sikila, ta san zafinta. Na tuna mata jinin da ake ɗiga daga dugadugin jariri a kwana na biyar a nan Ingila, wanda da shi ake gano sikila tun yaro bai fara ciwo ba. Na ce, Umma, katin nan ɗakin gwaji ake kai shi, kuma masu auna shi irin karatunmu suka yi, likita sakamakon yake karɓa. Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah ya yi albarka." Ba ta daina fatan in zama likita ba, amma ta daina cewa na faɗi.

Ba na cewa shekarar nan tabbacin samun aiki ce. Wasu sun je sun ƙare a wanke kwalabe, wasu sun nema har sun gaji ba su samu ba. In ba ka samu ba, ko aljihu bai ba ka dama ba, nemi na hutun bazara, mako shida ko takwas. Ƙwanƙwasa ƙofar malamin da bincikensa ya burge ka, ka ce kana son ka taya shi. Mafi muni ya ce a'a.

Roƙona biyu ne. Ku da ke shekarar farko, ku buɗe shafin sashenku yau ɗin nan ku duba ko kwas ɗinku yana da shekarar aiki, da ranar da ake rufe canza sheƙa zuwa gare ta. Ku fara yi wa su Abba da Umma maganar tun yanzu, da Hausa, a hankali, kar ku bari sai takardar ɗauka ta zo. Mu kuma da muka riga muka yi, in mun haɗu da ƙannenmu a masallaci ko wajen walima, mu wuce "ya karatu?" Mu tambaye su shekara ta nawa suke, mu karɓi CV ɗinsu mu duba. Ni na fara da mutum biyu a bana, ɗaya tana da ganawa mako mai zuwa. Ku taya ta da addu'a.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalam.