Uwa Ɗaya, Kaya Goma

Jama'a, ga wata magana da na ɗauko daga Agwada, can ƙasar Kokona kusa da Keffi, inda na yi aikin gwajin koyarwa.

Akwai wani yaro a ajina, kullum sai barci. Ran nan na tsula masa bulala. Da yamma na tafi gidansu in kai ƙara, sai na tarar uban ya rasu, uwar ita ce ke noman doya, ita ce cefane, ita ce kuɗin makaranta na 'ya'ya biyar. Ta ce, “Malam, ba ƙiwuya ba ce. Ni ba na runtsawa da dare, shi kuwa sai ya zauna ya taya ni.” Kunya ta rufe ni.

To, ni a ganina irin waɗannan mata ba hatsi kaɗai su ke bukata ba. Tunani ya yi musu yawa, sa'an nan faɗa ya shiga gida, yara su firgice. Mu kuwa abin da mu ka iya shi ne, “Sai haƙuri.” Haƙuri magani ne, amma fa ba ya shirya wa mutum abin da zai yi gobe.

Wani zai ce ai wannan aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne. Ina su ke a ƙauye? A birnin Harare na Zimbabuwe, Likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata wata dabara. Ana kafa benci a harabar asibiti, mai damuwa ta zo ta zauna da kaka har sau shida. Kakar ba ta yin wa'azi. Saurara ta ke yi, sa'an nan su jera matsalolin, su zaɓi guda ɗaya, mai ita ta faɗi matakin da za ta iya ɗauka kafin zama na gaba. An gwada da mutum 573, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata shida, kusan 14 cikin 100 na masu zuwa benci ke da sauran baƙin ciki mai tsanani, amma waɗanda ba su je ba, rabinsu. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne, gama tun 1954 Likita Lambo ya riƙa sauke majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwalejinmu ta koya mana wannan sauraro kafin a yaye mu. Ba likitoci za mu zama ba. Wadda abin ya yi mata nauyi, lalle sai asibitin Keffi. Amma malamin ƙauye ya na iya koya wa zumuntar mata da matan Islamiyya, su kuwa sun fi mu shiga ɗaki.

Na koma gidan nan sau uku. Matsalar da ta fara zaɓa ita ce bashin taki.