Tsadar RAM, ƙarshen Windows 10 da yankewar wuta: me mai kwamfutar montaj zai fara saye bana?

Duk wanda ya yi niyyar ƙara wa kwamfutarsa ta tebur ƙarfi tun daga ƙarshen shekarar 2025 ya tarar da abin da bai yi tsammani ba. RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke riƙe aikin da ake kai a cikinta, a da ita ce mafi arha cikin kayan da ake ƙarawa. Cikin watanni kaɗan farashinta ya ninka biyu a kasuwannin duniya, wasu nau'o'in ma sau uku. Abin ya shafi mutane da yawa a ƙasar nan fiye da yadda ake zato: masu haɗa bidiyon biki da suna a Maraɗi, masu sitidiyon waƙa a Damagaram, masu tsara fosta da katin gayyata a Tawa, da samarin da suka buɗe ɗakunan wasa a unguwannin Yamai. Ga waɗannan duka, kwamfuta ita ce jari.

Asalin tsadar ba daga Katako ba ne, ba kuma daga duwan ba. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke ƙera sama da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ƙwaƙwalwa a duniya. Manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ake ginawa a Amurka da sauran ƙasashe suna buƙatar wani nau'i mai tsada da ake kira HBM, kuma a shirye suke su biya ko nawa ne. Masana'antun sai suka karkata can, abin da ya rage wa talakan mai saye ya yi kaɗan. A farkon Disamban 2025 Micron ya sanar cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial ga ɗaiɗaikun mutane, alhali sunan Crucial na cikin waɗanda masu gyaran kwamfuta suka fi amincewa da su. Tsohon nau'in DDR4 ma bai tsira ba, domin kamfanonin sun rage ƙera shi. Diskin SSD shi ma ya bi sahu, ko da yake hawansa bai kai na RAM ba. Gina sabuwar masana'anta kuwa aikin shekaru ne, saboda haka wanda ke jiran farashi ya sauka nan da salla zai iya daɗewa yana jira.

A daidai wannan lokaci wani abu ya faru wanda ke tura kasuwa ta ɗaya ɓangaren. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda aka saba, sai dai ƙarin wa'adin tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma ba ya amincewa da kowace na'ura. Yana buƙatar TPM 2.0, da furosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Ma'aikatu da kamfanonin Turai da Amurka suna fitar da kwamfutocin da ba su cika sharaɗin ba, kuma kowa ya san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre: su ne ke cike da shagunan kayan hannu daga Legas zuwa titin Beirut na Kano, daga can su shigo ta Ɗan Isa ko ta Magariya.

Na'urori ne masu ƙarko, an yi su don su yi aikin ofis daga safe zuwa yamma. Amma rubutun «Core i7» da ke jikin akwatin ba ya gaya wa mai saye komai sai ya duba lambar da ke biye. i7-4790 na ƙarni na 4 ne, an fitar da shi a 2014. i5-8500 na ƙarni na 8 ne, yana da ƙwayoyi shida maimakon huɗu, kuma Windows 11 ya karɓe shi. Na biyun ya fi na farkon, duk da cewa lambar 7 ta fi 5 girma, kuma wasu ƴan kasuwa sun san cewa mai saye 7 ɗin kawai yake kallo. Akwai dabarun da ake ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, masu gyara sun iya su, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata sabuntawa ba.

Babban tarkon waɗannan kwamfutocin ofis yana wurin da ba a cika dubawa ba, wato akwatin da ke rarraba wuta a ciki, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. A ƙananan akwatuna ƙarfinsa kan tsaya tsakanin wat 180 zuwa 260, kuma sau da yawa filoginsa na kamfanin ne kaɗai, ba ya karɓar wanda ake sayarwa a kasuwa. Saurayi ya tara kuɗi ya sayi katin hoto, kart girafik, irin RTX 3060 mai cin wat 170, ya kawo gida ya tarar ba ya shiga akwatin, ko ya shiga amma babu wayar da za ta ba shi wuta. Irin wannan na'ura katin da ke wadatuwa da wat 75 na ramin da ake soka shi kaɗai take ɗauka, kamar GTX 1650 ƙarami ko RTX 3050 mai giga 6. Za su yi eFootball da montaj ɗin bidiyon 1080 ba tare da kuka ba. Wanda ke son abin da ya wuce haka sai ya nemi babban akwati na gama-gari tun daga farko.

Daga nan ne lissafin ɗan Nijar ke rabuwa da shawarwarin da ake gani a YouTube, waɗanda aka yi su don mai zaune a Faris ko Landan. Can ba a tambayar ko wuta za ta kai yamma. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. An yanke ta a watan Agusta na shekarar, ba a maido ba sai a 2024 bayan ɗage takunkumin CEDEAO. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai wahala, amma duk wanda ya yi bazara a ƙasar nan ya san yadda Afrilu da Mayu suke. Ɗaukewar wuta tana lalata aikin da ake kai. Dawowarta da ƙarfi, ko sauyawa zuwa janareta, ita ke ƙona kaya.

Shi ya sa, a ganina, jikar farko ba ta katin hoto ba ce. Ta alimantasiyo mai suna ce, da ondilar, wato batirin da ke riƙe na'ura na ƴan mintuna idan an ɗauke wuta. A nan ma akwai lissafin da ake yawan kuskurewa. Lambar VA da ke jikin ondilar ba wat ba ce. Mai VA 650, wanda ya fi yawa a shaguna, wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, kuma kwamfutar wasa mai katin hoto tare da allonta za ta iya kai nan idan aiki ya yi nauyi. Batirinsa kuma zafi na cinye shi da wuri. Wanda ke aiki da hasken rana yana da ƙarin dalilin duba cin wuta: RTX 4060 wat 115 yake ci kuma ya fi RTX 3060 sauri a wasanni, alhali babban RTX 5090 yana kai wat 575 shi kaɗai, abin da zai shanye batiran shago kafin la'asar. Sai ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka ta sa furosesa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Hure akwatin duk wata da sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi sun fi kowane sabon kaya arha.

Bayan wuta, abin da ya fi nuna bambanci a tsohuwar na'ura shi ne SSD. Tsohon diski mai juyawa yana karanta mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, na NVMe kuma dubbai. Ko mai giga 256 ne, a ɗora Windows da manhajojin aiki a kansa, a bar tsohon diskin don ajiyar bidiyon masu biki.

RAM kuwa, tunda ta yi tsada, sai a sayi gwargwadon sana'a. Adobe yana ba da shawarar giga 16 don bidiyon HD a Premiere Pro, giga 32 don 4K. Yawancin bidiyon da ake haɗawa a nan a waya ake kallonsa, ta WhatsApp da TikTok, don haka 16 ta wadatar. Guda biyu masu giga 8 sun fi guda ɗaya mai 16 saurin aiki. Mai sitidiyon waƙa da ke aiki da FL Studio ko Cubase ba ya buƙatar babban katin hoto ko kaɗan, furosesa da RAM ne damuwarsa. Mai DaVinci Resolve kuma akasin haka, manhajar a kan katin hoto take jingina. Ba kwamfuta ɗaya ce ta dace da su duka ba, kuma mai shagon da ya ce haka kayansa yake son ya fitar.

Wannan ba shekarar tsallakawa zuwa DDR5 ba ce ga mai ƙaramin jari. Sabon tsarin AMD na AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, ma'ana a sauya allon uwa da furosesa da RAM a lokaci guda. Wanda ke da allon AM4, tsarin da ya fito tun 2016, zai iya sabunta BIOS ya saka Ryzen 5 5600 ya ci gaba da RAM ɗinsa ta da. Ga mai irin wannan allo, babu gyaran da ya fi wannan riba a yanzu.

Kuɗin kansa ya isa ya sa mutum ya yi tunani sau biyu. Katin da ake sayarwa yuro 300 a Faransa ya kai kusan jika 197 ta sefa tun bai bar can ba, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Sai a ƙara sufuri da duwan da harajin TVA na kashi 19. Tun da aka rufe iyaka da Benin, manyan kaya ta Lome da Burkina Faso suke biyowa cikin ayari, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Ƙananan kaya irin su RAM da katin hoto sukan zo ne a jakar ɗan kasuwa daga Dubai ko Caina, ko daga Kano, kuma akasari ba su da garantin da ya wuce bakin mai shago.

Saboda haka gwaji a gaban mai sayarwa shi ne kaɗai kariya. Tun da tsarin Ethereum ya daina haƙo kuɗin intanet da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, an wanke su an sa a sabon kwali. Akwai kuma tsofaffin da aka sauya wa suna don su nuna babbar lamba. Manhajar GPU-Z tana taimakawa wajen gano ainihin katin, CrystalDiskInfo tana nuna awannin da diski ya yi yana aiki, MemTest86 tana gwada RAM, dukansu kyauta ne kuma suna shiga ƙaramar kile. A bar katin ya yi rabin awa yana aiki mai nauyi a shagon kafin a ƙirga kuɗi. Masu sha'awar GTX 1060 da ƴan uwansa na wancan ƙarni kuma su sani cewa Nvidia ya daina fitar musu da sabuntawar wasanni tun ƙarshen 2025, gyaran tsaro kaɗai ya rage musu, kuma ya kamata farashin da ake faɗa musu a shago ya nuna hakan.