Sojan da ya yi magana, da ɗakin da aka kulle shi: horo ne ko azabtarwa?

'Yan'uwa, a yawancin ikilisiyoyinmu na Arewa akwai gidan da ɗansu ke cikin kaki. Muna sa su cikin addu'a ranar Lahadi, amma ba kasafai muke tambayar abin da zai faru da ɗayansu ba idan ya ga ɓarna ya buɗe baki. Labarin Las Kofur Martins Idakpini ya isa ya sa mu yi wannan tambaya.

A watannin Mayu da Yuni na 2020 jini yana ta zuba a ƙasarmu. 'Yan bindiga sun kashe mutane da dama a yankin Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, sun sake yin haka a Faskari ta Jihar Katsina, har matasa suka fita zanga-zanga a birnin Katsina. A cikin wannan hali ne Idakpini, ƙaramin soja a Runduna ta 8 da ke Sakkwato, ya ɗauki bidiyo ya sa a intanet. Ya zargi manyan hafsoshi, musamman Laftanar Janar Tukur Buratai, da kasa kare rayukan jama'a da kasa ba sojoji kayan aiki. Nan da nan aka kama shi. Matarsa ta yi magana da 'yan jarida, ita ma aka tsare ta na wasu kwanaki. A watan Yuli Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarni a bar shi ya ga lauyansa da iyalinsa, amma lauyan ya ci gaba da kuka cewa rundunar ba ta bi umarnin ba, watanni suka yi ta wucewa.

Bari mu ba rundunar haƙƙinta tukuna. Soja ba farar hula ba ne. Ya yi rantsuwa, yana ƙarƙashin dokar soja, kuma dokar ta hana shi hawa kafafen sada zumunta yana sukar na gaba da shi. Rundunar da kowane kofur ke yi wa janar tsawa a bainar jama'a ba za ta iya yaƙi ba. Ko babban hafsa bai tsira ba: Manjo Janar Olusegun Adeniyi, wanda bidiyonsa na koke kan ƙarancin makamai a Borno ya bazu a watan Maris na 2020, ya gurfana gaban kotun soja aka same shi da laifi. Saboda haka idan an tuhumi Idakpini, aka kai shi kotun soja, aka rage masa igiya ko aka sallame shi, wannan horo ne. Mutum zai iya cewa ya yi tsanani, amma horo ne.

Abin da ake yi wa mutum kafin shari'a daban ne. Da yawa cikinmu idan an ce azabtarwa sai mu tuna bulala da dutsen guga da rataye mutum a sama. In babu tabo a jiki sai mu ce ai ba a taɓa shi ba. Dokar ƙasarmu ba ta tsaya nan ba. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta lissafa azabar da ake yi wa hankali tare da wadda ake yi wa jiki: kulle mutum shi kaɗai, hana shi barci, tuɓe shi don a kunyata shi, da wulaƙanta wani daga cikin iyalinsa. Ta haramta tsare mutum a wurin ɓoye ko yanke shi daga kowa. Ta ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba hujja ba ne, umarnin na sama ma ba hujja ba ne, kuma hukuncin mai laifi zai iya kai shekara 25 a kurkuku. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki ma bai ware sojoji daga cikin masu mutunci ba.

Wanda ya sa hannu a wannan doka a watan Disamba na 2017 ɗan Daura ne, marigayi Muhammadu Buhari. Shi kansa soja ne da ya ɗanɗana tsarewa ba tare da shari'a ba. Bayan juyin mulkin 27 ga Agusta 1985 an ajiye shi fiye da shekara uku, akasari a birnin Benin, sai a ƙarshen 1988 aka sake shi, bayan mahaifiyarsa ta rasu. Dattawan Daura sun san wannan labari fiye da kowa. Abin mamaki, a ƙarƙashin mulkinsa ne aka hana wani ƙaramin soja ganin matarsa, alhali alƙali ya ce a bari.

Amurka ta sha irin wannan muhawara a kan Bradley Manning, wanda yanzu ake kira Chelsea Manning, sojan da ya miƙa wa WikiLeaks ɗimbin takardun sirri a 2010. Laifin da ake zarginsa da shi ya fi na Idakpini nauyi nesa ba kusa ba, domin shi asirin gwamnati ya fitar, namu kuwa koke ya yi. An ajiye shi a kurkukun soja na Quantico daga Yuli 2010 zuwa Afrilu 2011, shi kaɗai a ɗaki awa 23 a rana, har wani lokaci ana karɓe tufafinsa da dare. Hukuma ta ce tana tsoron kada ya kashe kansa ne. Juan Méndez, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan azabtarwa, ya ce wannan mugun hali ne na rashin tausayi da ƙasƙanci. Ita kanta alƙaliyar kotun sojan ta yarda an wuce gona da iri, ta rage masa kwana 112 daga hukuncinsa. An ɗaure shi shekara 35, amma hakan bai wanke masu tsaronsa ba. A 2015 Majalisar ta fito da ƙa'idodin da aka sa wa sunan Nelson Mandela, waɗanda suka hana kaɗaita fursuna fiye da kwana 15 a jere.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai gane wannan tuhuma. A Irmiya sura 38 sarakunan Yahuza sun zargi annabin da karya zuciyar mayaƙan da suka rage a birni. Ba su doke shi a ranar ba. Sun zura shi cikin rijiyar da babu ruwa sai laka, suka tafi abinsu. Ebed-melek, bawan fada mutumin Habasha, bai tsaya gardama kan ko maganar Irmiya ta dace da lokacin yaƙi ba, ya je ya gaya wa Sarki Zadakiya cewa mutumin zai mutu a can. Ba na cewa kowane soja mai bidiyo annabi ne, wasu ma neman suna suke yi. Amma wanda ke son ya kafa hujja da Romawa 13 a nan, ya tuna cewa kotu ma hukuma ce, kuma a wannan shari'a rundunar ce ake zargi da ƙin yi mata biyayya.

A ganina, tsare soja don a gurfanar da shi ba azabtarwa ba ne. Amma idan aka yanke shi daga lauya da iyali wata da watanni, aka kama matarsa don ta yi kuka, manufar ta tashi daga shari'a ta koma karya shi da tsoratar da sauran da ke bariki. Wannan ya faɗa cikin abin da dokar 2017 ta haramta, ko da babu wanda ya ɗaga masa hannu.

Wata shida bayan bidiyon, ranar 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da Shugaban Ƙasa yake hutu a Daura. A ƙarshen Janairu 2021 aka sauya manyan hafsoshin tsaro duka, daga baya aka tura Buratai Jamhuriyar Benin a matsayin jakada.