Raha da Ciwon Damuwa

Mu Hausawa ba baya ba ne wajen raha. Akwai wasan taubasai, akwai na kaka da jika, ga kuma na Fulani da Barebari, inda ake faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci a rabu ana dariya. Amma da zarar wani ya kamu da ciwon damuwa, sai bakin kowa ya mutu, a killace shi a ɗaki, a ce wa baƙi "ba ya jin daɗi". In ma an yi dariyar, shi ake yi wa.

A ganina, wannan kuskure ne babba. Binciken masana ya nuna cewa dariya kan rage sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa a lokacin fargaba. Amma amfaninta mafi girma shi ne buɗe baki. Majinyacin da ya iya ce wa amininsa, "Yau ma mun yi kokawa da bargo, ya kayar da ni," ya sanar da cewa ya kasa tashi daga gado, ba tare da kunya ta hana shi ba. Daga nan zancen ganin likita kan zo da sauƙi. Kada mai karatu ya fahimce ni a baibai, raha ba ta maye gurbin magani.

Tun a 1954 Farfesa Lambo ya riƙa saukar da majinyatansa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abeokuta, tare da danginsu, suna karɓar magani suna cuɗanya da jama'a. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 kuwa, sai a 2023 Nijeriya ta sauya ta, kuma a gidaje da yawa har yau ƙofar ɗakin nan a rufe take.